Kwanon Yaro Amana Ne: Tarbiyyar Cin Abinci Daga Gida Take Farawa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai ciyarwa ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ko kasuwar Babaldu ta ƙasar Birnin Kudu a lokacin kaka, ya san irin ni'imar da Allah Ya yi wa wannan yanki na kudancin Jigawa. Zai ga buhunan wake da gyaɗa da riɗi da gero da dawa ana loda wa manyan motoci. Zai ga 'yan mata da ƙoren nono, da yara masu tallan ƙwan zabi da damina, da tulin kabewa da kuɓewa da busasshiyar kuka. Amma idan mutumin nan ya bar kasuwa ya leƙa ɗakin kula da yara a asibitocinmu, zai ga wani abu da bai dace da abin da ya baro ba: yara 'yan shekara ɗaya da biyu, wuya ya zama kamar zare, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, uwa tana zaune ta yi tagumi. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan manoman da suka kai waccan gyaɗa kasuwa ne. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na daɗe ina hawa mumbari ina yi wa mutane wa'azi a kan tarbiyyar yara: a koya musu salla tun suna da shekara bakwai, a kai su makarantar allo da Islamiyya, a kula da abokan da suke hulɗa da su. Amma ban tuna ranar da na keɓe huɗuba guda a kan abin da muke zuba musu a kwano ba, sai bayan da abin ya shigo gidana. Al'adata ce in na taso daga masallaci bayan La'asar in tsaya shago in cika aljihu da alawa da biskit, domin ina jin daɗin yadda yara ke rugowa su tarye ni. Ban farga ba sai da ƙaramar 'yata ta fara ƙin tuwo, ta ƙi kunu, haƙoranta na gaba suka fara rubewa tun ba ta kai shekara biyar ba. Mahaifiyarta ta sha yi mini magana, ni kuwa ina ganin ƙauna nake nunawa. Ashe da hannuna nake cutar da amanar da Allah Ya ba ni. Don haka wannan nasiha da kaina na fara, kafin ta kai ga kowa.

Girman matsalar

Ba zato ake yi ba. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar rashin abinci mai gina jiki. A Jihar Jigawa adadin ya kai kashi 64 cikin 100. Ma'ana, a cikin kowane yara uku da ke wasa a ƙofar gidajenmu a wancan lokaci, kusan biyu abin ya shafe su.

Tsumburewa ba gajarta ba ce kawai. Likitoci sun tabbatar da cewa kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa. Abin da aka rasa a wannan tsakani yana da wuyar mayarwa daga baya. Yaron da ya tashi haka ya fi saurin kamuwa da gudawa da ciwon haƙarƙari, ƙyanda ta fi yi masa illa, kuma sau da yawa karatu yana yi masa nauyi. Malaman tsangaya da na Islamiyya sun san irin ɗalibin da zai wuni a kan aya uku bai riƙe ba, a yi ta dukansa ana kiransa daƙiƙi. Wa ya sani ko laifin ba nasa ba ne, na kwanon da aka ba shi ne tun yana goye?

Muna fatan 'ya'yanmu su zama mahaddata, su zama malamai da likitoci da alƙalai. Garin Birnin Kudu yana alfahari da tsohuwar Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye manyan mutane a ƙasar nan, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ake zuwa daga nesa. To, masu cika waɗannan wurare gobe su ne waɗanda ke bayan iyayensu mata yau. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Matsayin abin a Shari'a

Wasu za su ce wannan magana ta ma'aikatan asibiti ce, me ya kawo ta shafin addini? Amsar ita ce, Alƙur'ani ne ya fara kawo ta. A aya ta 168 ta Suratul Baƙara, da Allah Ya umarci mutane su ci daga abin da ke cikin ƙasa, siffa biyu Ya haɗa: ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Mu kuwa mun riƙe ta farko mun sassauta a ta biyu. Muna bincike sosai kada naman da ba a yanka ba ya shiga gidanmu, wannan kuwa daidai ne, amma ba ma tambayar ko abin da yaro ya wuni yana tsotsa yana amfanar jikinsa ko yana rushe shi. A Suratu Abasa kuma, Allah Ya umarci mutum ya dubi abincinsa, sannan Ya jero nau'o'i daban-daban: ƙwayar hatsi, da inabi, da ganyaye, da zaitun, da dabino, da 'ya'yan itatuwa. Bai ambaci abu guda Ya tsaya ba. Akwai darasi a cikin wannan jeri ga gidan da ake tuwon masara da miyar kuka tsura safe da dare, wata da watanni.

Sannan ciyar da yaro ba kyauta ba ce da uba ke yi in ya ga dama. Wajibi ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciyar da ɗa namiji tana kan mahaifinsa har ya balaga yana mai iya nema, ta 'ya mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana kowane ɗayanmu a matsayin makiyayi da za a tambaya game da abin kiwonsa, ya ambaci magidanci a kan iyalinsa, ya ambaci mace a kan gidan mijinta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyanka ya isa ya zama zunubi. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa yana ƙuntata mata, Annabi (SAW) ya ba ta izinin ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba. Ma'aunin shi ne isarwa, ba wai a toshe bakin yaro don ya daina kuka ba.

Mu makiyaya ne da manoma, mun san ma'anar kiwo. Mai turke ba ya ba ragon Layya abin da ya samu kawai. Yana nemo masa harawa da ƙowa da dusa, yana lura da cinsa, in ya ga ya rage ci ya kira malamin dabbobi. Abin kunya ne a ce ragon da ke ɗaure a tsakar gida ya fi yaron da ke rarrafe kusa da shi samun kulawa ta fuskar abinci.

Shekara biyun farko

Tarbiyyar cin abinci tana farawa ne tun ranar haihuwa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta sanya cikar shayarwa shekara biyu, kuma a cikin ayar aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwar da tufatar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo daga baya da shawarar da ta yi daidai da haka: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a haɗa masa da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Amma binciken 2018 da na ambata ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya game da wasu al'adu. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, wai nono ne mara kyau. Alhali dakashi shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, cike yake da abin da ke kare shi daga cututtuka. Babu aya ko hadisi da ya ce a zubar da shi. Akwai kuma masu ɗura wa jariri ruwa ko jiƙe-jiƙe tun yana kwana biyu, wai zafin gari ya yi yawa. Mafi yawan nono ruwa ne, yana kashe ƙishi ko a watan Afrilu, ruwan randa kuwa shi ne hanyar da gudawa ke bi ta shiga cikin da bai yi ƙwari ba. Kakanni mata da ungozomomi, ku ne masu faɗa a ji a ɗakin mai jego. Da wuya amarya ta iya yi wa surukarta musu. Don haka nauyin gyaran nan ya fi hawa kanku.

Game da zuma: Allah Ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, babu Musulmin da ke shakkar haka. Sai dai likitoci sun gano cewa hanjin jaririn da bai cika shekara ɗaya ba bai iya kare kansa daga wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba. Jinkirta masa ita zuwa ya shekara ba ƙaryata ayar ba ne, sanya abu ne a muhallinsa, kamar yadda nama halal ne amma ba a ba ɗan wata biyu. Sunnar goga ɗan abin dabino a gandar jariri kuwa ɗanɗano ne na sau ɗaya, ba hujja ba ce ta fara ciyar da shi.

Idan yaro ya cika wata shida, nono kaɗai ba ya isarsa. A nan ne yawancin yaranmu ke fara ramewa, domin abin da ake ba su shi ne koko tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Cikin yaro ƙarami ne, don haka kowane cokali ya kamata ya zama mai amfani. A dama kunun da kauri, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya da aka soya, a ɗiga ɗan mai. Daga wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu ko uku a rana, daga wata tara zuwa sama sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Yaye kuma a yi shi a hankali. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maudud, ya yi nasiha da a bi da yaro mataki-mataki wajen abinci da wajen yaye. Ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, a raba shi da nono da uwa a lokaci guda, musamman don an samu sabon ciki, yana cikin abin da ke jefa yara cikin tamowa.

Makarantar da ke bakin akushi

Imamul Gazali ya lura a cikin Ihya'u cewa kwaɗayin abinci yana cikin halayen farko da ke bayyana ga yaro, don haka daga nan ya kamata ladabtarwa ta fara. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, yana da babi sukutum a kan ci da sha. Asalin wannan duka yana cikin gidan Annabi (SAW). Umar ɗan Abu Salama ya ba da labarin cewa yana yaro a ƙarƙashin kulawar Manzon Allah, hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya koya masa abu uku: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa. Ya ce tun daga ranar haka cinsa ya kasance.

Mu kan karanta wannan hadisi mu ɗauki ladubban uku, mu manta da abu na huɗu da ke cikinsa: shugaban halitta yana zaune a kan akushi ɗaya da ƙaramin yaro, yana kallon hannunsa. Yaya uban da ba ya cin abinci da 'ya'yansa zai san wanda ya ci da wanda bai ci ba? A gidajenmu da yawa, maigida yana ci a zaure ko a majalisa, an tsame masa tsokar da ke cikin miya, yara kuwa an haɗa su su biyar ko shida a kwano ɗaya, ɗan shekara goma da ɗan shekara biyu. Kafin ƙaramin ya kai loma uku an sheme. Cin abinci tare sunna ne kuma akwai albarka a cikinsa, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawuda daga Wahshi ɗan Harbu, amma adalci yana neman a ware wa ƙaramin da bai iya kokawa ba nasa kwanon, babba ya zauna kusa da shi har ya ƙoshi.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan aka kawo wa Annabi (SAW) nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka, sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Mu kuwa mun juya tsarin: mafi kyau na babba ne, saura na yaro. Har muka ƙirƙiro camfin da ke cewa in an ba yaro ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da tushe a addini ko a hankali. Sata daga rashin tarbiyya take zuwa, kuma yaron da aka hana ya fi kusa da miƙa hannu a ɓoye fiye da wanda aka ba.

Akwai kuma darasin rashin kushe abinci. Abu Huraira ya shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Uban da ke ture kwanon fate ko kwaɗon zogale yana tsaki a gaban yara, kada ya yi mamaki in sun ƙi ci gobe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Anas ɗan Malik ya ce ya ga Annabi (SAW) yana bibiyar kabewa a gefen akushi, tun daga ranar bai gushe yana son ta ba. Ba wanda ya yi wa Anas lacca a kan amfanin kabewa. Gani ya yi, ya ƙaunata. Haka yara suke koyo. Kuma in yaro ya ƙi sabon abinci, kada a yi masa ɗure ko duka. A sake kawo masa bayan kwana biyu, a sake kuma, har harshensa ya saba.

A ɗaya ɓangaren, gidajen masu hali suna da tasu jarrabawar. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka, kuma hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki kashi uku: na abinci, na abin sha, da na numfashi. Ƙibar da ta wuce kima ga yaro ba alamar hutu ba ce, sau da yawa shimfiɗa ce ta ciwon suga da hawan jini a gaba.

Tsakanin rumbu da leda

Abin da ya fi damuna shi ne musayar da muke yi. Uwa za ta sayar da ƙwan kajinta guda uku, ta ba yaro kuɗin ya sayo biskit da lemon leda. Uba zai auna gyaɗa ya kai kasuwa, ya dawo da taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano. Mun ba da mai amfani mun karɓo mai daɗin baki. Kwalbar lemon kwalba ta santilita 35 takan ɗauki sukarin da ya kai cokalin shayi takwas zuwa tara. Tun a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samun ƙarfi daga gare shi a rana, ta ce in an rage zuwa kashi 5 ya fi, wato kimanin cokali shida ga babban mutum. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Nijeriya. Amma haraji ba ya shiga ɗakin uwa. Wanda ke iya hanawa shi ne mai ba da kuɗin kashewa.

Masana sun kasa abincin ƙananan yara gida takwas, suka ce yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla biyar a kowace rana: nonon uwa, hatsi da dangin rogo da dankali, wake da gyaɗa da dangoginsu, nonon dabba, nama ko kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itace masu launin kore sosai ko ruwan lemo, sai sauran kayan lambu da na marmari. A duba wannan jeri da kyau. Wanne ne babu shi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram? Kunun gero da gyaɗa da safe ya ba da biyu. Dambu ko fate da zogale ko rama ya ƙara ɗaya. Ɗan nono a kan fura, ko ƙwai guda, ko garin busasshen kifi a cikin miya, ya ƙara wani. Ga nonon uwa. An cika biyar ba a je kantin kowa ba.

Zogale da alayyahu da kabewa da karas da mangwaro da gwanda suna ɗauke da bitamin A, mai kare ido daga dundumi da ƙarfafa garkuwar jiki. Wake da ganye da hanta suna taimakawa wajen yaƙi da ƙarancin jini, kuma abu mai tsami irin su lemo da gwaiba da garin ɗan kuka yana taimaka wa jiki ya zuƙi wannan amfani, shayi kuwa yana rage shi in aka sha tare da abinci. Awara da ƙosai da alale da ƙuli-ƙuli sun fi duk wani abin leda da yaro zai riƙe zuwa makaranta. Dabino, wanda ake nomawa a nan Dutse, da goruba da aduwa da kanya da magarya sun isa su maye gurbin alawa. Sai dai a kula da abu biyu. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta, kada a ce ta lalace ba za ta sayu ba, a bar wa yara. Sannan wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga bayan gida, domin abinci mai kyau ba ya zama a cikin da gudawa ke wankewa.

Ga mai cewa talauci ne

Na san abin da wani mai karatu zai ce: Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Na sani. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tashin da ya girgiza kowane gida, kuma akwai magidantan da rumbunsu ke ƙarewa tun kafin ruwa ya sauka. Wanda bai da komai ba wa'azi yake buƙata ba, taimako yake buƙata. Ibnu Sa'ad ya kawo labarin Sayyidina Umar, cewa ya ji wani jariri yana ta kuka da dare, da ya bincika sai ya gane uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Umar ya zargi kansa, ya sa aka yi shela cewa daga ranar kowane abin haihuwa yana da kaso. Wannan shi ne matsayin hukuma a Musulunci, kuma muna tunatar da shugabanninmu da mawadatanmu. Zakkar hatsi da ake fitarwa a yankin nan, in da ana fitar da ita yadda ya kamata ana kai ta inda ya kamata, da ta rufe ƙofofi da yawa.

An ma gwada irin wannan a maƙwabtanmu. A ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kirikasamma an gudanar da wani shiri da ke ba mata masu ciki naira 3,500 a kowane wata har yaro ya cika shekara biyu, tare da ilimantar da su da mazajensu a kan ciyarwa. Bitar da aka yi wa shirin ta nuna tsumburewa ta ragu a tsakanin yaran da suka amfana. Abin lura shi ne, kuɗi da sani aka haɗa.

Amma talauci ba ya ɗauke mana dukkan alhaki. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: nawa maigida ke kashewa a teburin mai shayi da wurin mai tsire da katin waya a mako? Sau nawa yake karyawa da shayi da burodi da ƙwai a bakin titi, alhali an bar yara da ɗumamen jiya? Ƙwai ɗaya daga cikin waɗanda aka soya masa, in ya koma kwanon ɗansa ɗan shekara ɗaya, ya fi amfani a can. Wanda kuma ke cewa rai da lafiya na Allah ne, gaskiya ya faɗa, amma shi ma ba ya barin gonarsa ba noma ya ce arziki na Allah ne. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Abin da nake roƙo

Ga iyaye maza: ku zauna ku ci abinci da 'ya'yanku ko da sau ɗaya ne a rana. Kafin ku kai amfanin gona kasuwa, ku ware wake da gyaɗa da riɗin gida kamar yadda kuke ware iri. Ku dasa zogale ko da biyu ne a bayan ɗaki. Ku canza tsarabar da kuke shigowa da ita. Ni na canza tawa zuwa dabino da gyaɗa da abin da kakarsa ta zo na 'ya'yan itace. An yi mini bore na kwana kaɗan, daga baya aka saba, kuma har yau ana rugowa a tarye ni.

Ga iyaye mata: ku ci ku ƙoshi lokacin goyon ciki da shayarwa, ba kwaɗayi ba ne, haƙƙin abin da kuke ɗauke da shi ne. Ku kai yara awo, ku karɓi bitamin A da ake rabawa a makon lafiyar mata da yara. In aka auna damtsen yaro ma'aunin ya nuna ja, ko kuka ga ƙafafunsa sun kumbura, ku garzaya asibiti, tamowa tana da magani. Abincin gyaɗa na leda da ake ba irin waɗannan yara kuwa magani ne kuma amana ce. Sayar da shi ko raba wa masu lafiya ha'inci ne.

Ga malaman Islamiyya da na tsangaya: ku lura da abin da ake sayarwa a ƙofar makarantunku, ku kuma tuna cewa almajirin da aka kawo muku yana da haƙƙin ciyarwa a kan mahaifinsa, nisan gari bai sauke masa shi ba. Ga 'yan'uwana limamai: mu ba wannan batu huɗuba, mu faɗe shi a wurin raɗin suna, inda uba da kakanni ke zaune gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma harshen yaro ma haka yake.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, Ya yalwata wa magidanta abin ciyarwa na halal, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu iya sauke amanar da Ya ɗora mana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.